Mota mai ƙafa uku: a san ƙafar da ke ciwo kafin a sayi magani

A ɗauki misalin wata safiya ta hunturu a garin Bande, bisa babbar hanyar da ta taso daga Magarya ta nufi Damagaram. Wata Peugeot 504 akori-kura ta yi lodin kwandunan tumatur tun da asuba, an ɗora ƙunshin rake a sama, mai kayan kuwa, wani Alhaji ɗan kasuwa, yana zaune kusa da direba yana lissafin abin da zai samu a Kasuwar Dole in ya riga sauran motoci sauke kaya. Ba su yi wani nisa da gari ba sai motar ta kama karkarwa. Direba ya taka totur, ta ƙi ɗauka. Salansa na tari ɓut-ɓut, sandar giya na rawa, warin ɗanyen mai ya cika gaban mota. Suka lallaɓa suka juyo, suka tsaya gindin wata bedi inda wani saurayin makanike ke da rumfa.

"Alhaji, man jiya ne," in ji direba. "Tun da aka zuba shi na ji muryarta ta sauya."

"Kai dai ka faye zargin mai. Buji ne. Malam, sa mana sababbi huɗu mu wuce, rana na yi."

"To, Alhaji, yadda ka ce."

Aka sa buji huɗu sababbi, mota ta tashi da karkarwarta kamar ba a taɓa ta ba. Aka kwance karbireta aka wanke, aka hure ta, aka mayar, shiru. Aka juye man tanki a jarkoki, aka aiki yaro ya sayo wani. Tari na nan. Har aka kira azahar tumatur na shan rana cikin kwanduna. Za a zo kan abin da ya sami motar, ba wani abin mamaki ba ne. Abin dubawa shi ne, cikin mutum uku da ke tsaye kanta, ba wanda ya yi tambayar da ta kamata a fara da ita: cikin silinda huɗu, wacce ce ta daina aiki?

Faransawa kan ce irin wannan injin yana tafiya da ƙafa uku, makanikan Kano su ce yana misin, direbobin Magarya da Dungas kuwa, da yake suna tsakanin harsuna biyu na gareji, duka suna ji. A nan ne ake ce wa abu guda buji a kuma ce masa fulogi, a ce esansi a ce fetur, a ce bobin a ce kwayil, ba tare da kowa ya ruɗe ba. Ruɗewar tana wajen gane ciwon.

Kowace silinda aiki huɗu take yi bi da bi: ta shaƙi iska da mai, piston ya matse su, buji ya ƙyasta wuta su fashe su tura piston ƙasa, sa'an nan ta fitar da hayaƙi. In injin na juyi 3000 a minti, kowace silinda na kamawa sau 1500, wato sau 25 cikin daƙiƙa guda. Domin kamawar ta yiwu sai abu uku sun haɗu a lokaci ɗaya: wuta mai ƙarfi da ta zo kan kari, gaurayen mai da iska bisa ƙa'ida (kusan awo 15 na iska ga awo guda na mai, a nauyi), da kuma matsi. Ɗaya ya ɓace, silindar ta tsallake. Duk ɗingishin injin esansi da aka taɓa gani, daga tsohuwar 404 har zuwa motar bana, cikin ukun nan yake. Kuma ba ƙarfi kaɗai mota ke rasawa ba. Man da bai ƙone ba yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya gangara ƙasa ya tsinka na cikin kartar, piston da zobbansa su dinga cin ƙarfe a bushe. Direban da ya ce bari dai a lallaɓa a kai Damagaram, kilomita wajen 90 daga Magarya, da cikakken lodi a kan ƙafa uku, yana iya mai da gyaran minti goma ya koma sauke injin.

Makaniken kirki kafin ya ɗauki sifana tambaya yake yi, domin lokacin da ɗingishin ke zuwa shi ne rabin amsa. In mota na zaune lafiya a ralanti, sai an ɗora mata kaya, ko ta shiga yashi, ko ta kama hawa take fizga, to a fi zargin wuta, don lokacin da silinda ta cika maƙil ne wuta ke shan wahalar tsallake bakin buji, sai ta nemi hanya mai sauƙi ta tsere. In a ralanti take karkarwa, da an taka totur ta daidaita, a nemi iskar sata: wata ƴar tiyo da ta tsage, ko wani juwan da ya saki tsakanin karbireta da kan injin, kuma sau da yawa kunne na jin shi yana tsaki. In sai an ɗauki gudu na ɗan lokaci take shaƙewa, a tsaya kaɗan ta farfaɗo, mai ne ba ya isowa: matata ta toshe ko famfon mai ya gaji. In da sassafe ne cikin damina, rana na ɗagawa ta warke, raɓa ce ta kwanta bisa wayoyi da hular delko. In kuwa da safe tana ɗingishi tare da farin hayaƙi, ruwan radiyato kuma na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, to maganar ta girma, za a zo gare ta.

Daga tambaya sai gwajin da ba ya cin ko dala. A tada injin a bar shi a ralanti, a sami filaya mai hannun roba, a zare wayar buji ta farko. In muryar injin ta faɗi, ya ƙara karkarwa, wannan silinda na aiki, a mayar. Haka za a bi su ɗaya bayan ɗaya. Wadda aka zare wayarta injin bai ko kula ba, ita ce matacciyar. Wutar da ke bin wayar nan ta haura bolt dubu 10, saboda haka ba a yi da hannu tsirara, ba a yi tsaye cikin laima, ba a kuma yi kusa da buɗaɗɗiyar jarkar mai. A nan akwai wani ɗan tarko da ke kama yaran gareji: Toyota na ƙirga silinda daga gaba, wajen fanka, amma a 404 da 504 silinda ta 1 ita ce ta can baya, wajen ambireyaji. Jerin kamawar 1-3-4-2 ne. Yaron da ya zare wayoyi huɗu gaba ɗaya ya mayar da su da ƙirgen Toyota, ya ƙara wa motar ciwo na biyu bisa na farko, kuma an sha gani.

Wannan gwaji shi ke raba hanya biyu. In silinda guda ce ta mutu ɗungum, sauran uku na aiki, to a saki maganar mai da karbireta. Karbireta ɗaya ce ke ciyar da silinda huɗu daga tanki ɗaya. Gurɓataccen mai ba ya zaɓar ɗaya ya ƙyale uku. Wanda ya juye tanki saboda silinda guda ya bar jaki yana dukan taiki. In kuwa tsallaken na yawo, yanzu nan an jima can, ba wadda za a kama da laifi, to a duba abin da suka yi tarayya a kansa: mai, karbireta, bobin, pilatin, kondansatar, da saitin lokacin wuta.

A ce an kama silindar. Sai a kwance bujinta a karanta shi, domin buji takardar shaida ce ta abin da ke gudana a ciki. Mai launin ƙasa-ƙasa, busasshe, lafiya lau. Baƙi mai kunkunniya busasshiya, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Jiƙaƙƙe mai warin esansi, mai na zuwa wuta ce ba ta zuwa. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai na hawowa ta zobban piston ko ta wuyan supap. Fari fat mai alamar ƙuna, silindar na zafi fiye da kima. Wanda ya fito tas kamar an wanke shi alhali ƴan'uwansa na da datti, ruwa ne ke shiga yana wanke shi da tururi. Ratar bakin bujin 504 milimita 0,6 ce. Ma'aunin ratar ƴan siraran ƙarafa ne masu araha, amma a gareji da yawa farce da ido ake aunawa da su.

Daga nan sai musanya, wadda ita ce uwar dabarun wannan sana'a. A ɗauki bujin matacciyar silinda a kai shi maƙwabciya, a kawo na maƙwabciyar. In ciwon ya bi bujin ya koma can, an gama, buji ɗaya za a saya. In ya tsaya inda yake, buji ya kuɓuta, sai a yi wa wayar haka. Da dare ma ana iya buɗe kapo a wuri mai duhu injin na aiki: wayar da ta tsage za a ga shuɗiyar wuta na tsalle daga jikinta zuwa ƙarfe. A buɗe hular delko a haska cikinta: wani siririn baƙin layi kamar an ja da fensir, ko tsaga kamar gashi, shi ne hanyar da wuta ta yi wa kanta. Ƙurar hunturu ce ke share mata wannan hanya, damina ta zo ta jiƙa ta. Pilatin kuma ratarsa milimita 0,40 ce. In ya ƙone ya yi rami da tudu, a tambayi kondansatar, domin sabon pilatin a kan mataccen kondansatar ba ya daɗewa.

Yanzu maganar mai, wadda a ƙasar Magarya da Dungas ba a iya gama ta da layi biyu. Shekaru da dama yankin nan da man Najeriya ya yi ta tafiya, wanda ke shigowa ta Tinkim, ta wajen Maigatari, da ta hanyoyin daji da ba su da suna, a jarka, a duro, a bayan babur, ya ƙare cikin kwalabe bisa teburan ƴan ruwa-ruwa. Tallafin da gwamnatin Najeriya ke sa wa man shi ya sa ya fi na gidan mai araha nesa ba kusa ba. Buɗe matatar SORAZ ranar 28 ga Nuwamba 2011, arewa da birnin Damagaram kan hanyar Tanut, mai tace ganga dubu 20 a rana, bai kashe wannan ciniki ba. Rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 ya takura shi ne kawai. Abin da ya karya masa ƙugu shi ne jawabin Shugaba Bola Tinubu na 29 ga Mayu 2023, inda ya ce tallafi ya ƙare. Cikin ƴan kwanaki farashin lita a can ya kusa ninkawa uku. A watan Yuli 2024 gwamnatin Nijar ta sauko da litar esansi zuwa sefa 499, a watan Maris 2025 kuma aka ga dogayen layuka a gidajen mai, domin duk masu shan man kwalba sun dawo kan matata guda.

Me wannan tarihi ya haɗa da ɗingishin injin? Direbobin yankin sun tashi da zargin mai a bakinsu, kuma suna da hujja. Man da ya kwana cikin tsohon duro, ya bi jarkar da jiya ta ɗauki gazuwal, aka zuba shi ta mazurari cikin iskar hunturu, yana tafe da tsatsa, da yashi, da ruwa. A shekarun da kananzir ya fi esansi araha, ana kuma yi masa algus da shi. Lokacin ƙarancin mai ne aka fi gamuwa da irin wannan, don a lokacin ne ake karkaɗe gindin duro. Kuma kada a ce sai na kwalba: a watan Fabrairu 2022 hukumomin Najeriya da kansu suka amsa cewa an shigo da man da metanol ya yi wa yawa, ya bi gidajen mai na hukuma, ya lalata motocin jama'a a Legas da Abuja. Sai dai zargi daban, gwaji daban, gwajin kuwa yaro ma na iya yin sa. A zare tiyon mai a tari kaɗan cikin farar kwalba, a aje ta minti biyar. Ruwa ya fi esansi nauyi, zai kwanta ƙasa kamar ƙwayar tsakiya, datti ma haka. A ɗiga kaɗan bisa farar takarda: tsantsar esansi zai bushe bai bar tabo ba, mai gauraye da kananzir ko gazuwal zai bar maiƙo. In kwalba da takarda sun wanke man, a bar shi cikin tanki. Gani ya kori ji.

Akwai wani laifi da ba na mai sayar da mai ba ne, na masu motar ne. Matatar iska a wannan ƙasa ta rairayi tana toshewa da wuri, injin ya shaƙe, buji su yi baƙi. Maimakon a kaɗe ta ko a sake ta, sai a huda ta da sukudireba, wani ma ya cire ta ya yar, ya ce ai mota ta ƙara ƙarfi. Ta ƙara, na wata biyu ko uku. Yashin hanyar Malawa da Dogo-Dogo da ke shiga kai tsaye yana goge silinda kamar samfefa, daga nan buji ya fara fitowa da maiƙo, kuma ba sabon bujin da zai warkar da wannan.

In wuta ta kuɓuta, mai ya kuɓuta, saura matsi. Na'urar auna matsi ana ɗaura ta a ramin buji, a danne totur, a murza makulli. Adadin da allura ta nuna bai kai daidaiton silindun huɗu muhimmanci ba. Wadda ta gaza ƴan'uwanta da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin 100 tana da magana. A zuba mata cokali guda na baƙin mai a sake aunawa: in matsin ya tashi, zobban piston ne suka cinye, in bai motsa ba, supap ne ba ya rufewa. In maƙwabta biyu suka faɗi tare, juwan-kilas ne ya ƙone a tsakaninsu. Kafin a yanke hukuncin sauke kan injin, a fara auna ratar supap injin na sanyi: a 504, milimita 0,10 ga na shiga, 0,25 ga na fita. Direbobi da dama ba su son jin ƙaf-ƙaf ɗin supap, sai su sa a ɗaure shi tamau don injin ya yi shiru. Supap ɗin fita da aka ɗaure ba ya zama daram a mazauninsa in ya yi zafi, wuta ta dinga bi ta gefensa har ta cinye shi. Mai ɗan ƙara ya fi mai shiru tsawon rai. Juwan-kilas kuwa zafi ke kashe shi, zafin kuma sau da yawa daga radiyato yake farawa, wadda aka shekara ana cika ta da ruwan rijiya mai kanwa-kanwa har bututunta suka toshe.

Duk wannan maganar tsofaffin motoci ce, waɗanda har yanzu su ke ɗauke da kasuwannin ƙauye. 504 ta fito a Faransa a 1968, kamfanin PAN ya fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, kuma tun da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairu 1994, kayan gyaran da ke zuwa daga Faransa suka ninka kuɗi, idon kowa ya koma kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, inda na asali da na jabu ke kwance cikin kwali iri ɗaya. To amma ma'aikacin gwamnati na yau ba 504 yake hawa ba. Tun da Dungas ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, aka cire ta daga Magarya, ma'aikatan da ake turawa can, malaman makaranta, jami'an kiwon lafiya, na noma da na kiwo, wanda ya samu hali Corolla ce ta hannu yake saye, irin wadda ta sauka a tashar jirgin ruwa bayan ta yi shekarunta a Turai ko Amurka. Wannan ba ta da karbireta, ba ta da pilatin, yawancinsu ma ba su da delko. Kowane buji da bobin ɗinsa a kansa, kowace silinda da injekta ɗinta, kwamfuta ce ke rabon wuta da mai.

Ƙa'idar ba ta sauya ba, sai ma sauƙi da ta ƙara. Tun 1996 doka ta tilasta wa motocin da ake sayarwa a Amurka, tun 2001 kuma motocin esansi na Tarayyar Turai, su kasance da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake soka na'urar karanta ciwo. Injin da kansa ke ƙirga tsallakensa. Lamba P0301 na nufin silinda ta 1, P0302 ta 2, haka har P0304; P0300 kuwa tsallake ne mai yawo. Akwai ƙananan na'urori masu araha da ke aika wannan lamba cikin wayar hannu. Amma fa a lura: lambar ta faɗi inda ciwon yake ne, ba ta faɗi mene ne ba. Makaniken da ya ga P0303 ya ce wa malamin makaranta ya kawo kuɗin bobin huɗu, bai bambanta da wanda ya sa wa Alhaji buji huɗu ba, sai dai nasa kuskuren ya fi tsada. A musanya bobin na 3 da na 1, a goge lambar, a zagaya gari. In ta dawo P0301, bobin ɗaya ne. In ta tsaya P0303, a musanya buji, daga nan injekta, daga nan a auna matsi. A irin wannan mota ba a zare bobin yana ba da wuta a sarari, don ana iya ƙona shi ko a taɓa kwamfutar; soket ɗin injekta ake zarewa in ana son kashe silinda don gwaji. A nan kuma, saɓanin mai karbireta, datti na iya toshe injekta guda ya bar uku, saboda haka mai na iya zama sanadin mutuwar silinda ɗaya.

Fitilar injin mai ruwan ɗorawa da ke gaban direba, in ta kunnu ta tsaya, gargaɗi ne. In tana ƙiftawa, umarni ne a sassauta a nemi wurin tsayawa, domin ɗanyen mai na ƙonewa cikin tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, yana narkar da ita. Tukunyar da ta narke takan toshe hanyar hayaƙi, mota ta rasa ƙarfi gaba ɗaya. Maganin da aka fi yi wa wannan fitila a garejin bakin hanya shi ne a manna mata baƙin salatif, ko a cire ƙwanta. Mai sayen motar hannu ya murza makulli kafin ya tada injin, ya duba ko fitilar ta kama tare da sauran; in ba ta kama ba, an rufe mata baki ne.

Da sauƙi a ɗora wa makanikai laifin duk wannan, kuma wasunsu sun cancanta. Sai dai a yi adalci. A garejin Magarya, kamar na Damagaram da na Maraɗi, ba a biyan kuɗin bincike, kuɗin kwancewa da ɗaurawa ake biya. Makaniken da ya yi rabin awa yana saurare yana musanya, ya ƙare da sauya ɗan abu guda, mai mota zai ce masa ai ba ka yi komai ba. Wanda ya baje karbireta bisa tabarma, ya aika a sayo kaya cike da leda, shi ne ya yi aiki, shi ke da bakin faɗin farashi, wani lokaci har da ɗan kamasho daga mai shago. Ɗan kasuwar da ba zai taɓa sayen buhun riɗi bai soka masa bututu ya ga cikinsa ba, shi ne ke tsayawa kan makanike yana faɗa masa abin da zai sauya. Ma'aikacin da albashinsa ke ƙarewa kafin ashirin ga wata, shi ne ke biyan bobin huɗu bai ce a nuna masa lambar ba. Mai mota na da haƙƙin tambayar wace silinda ce, da yadda aka gane, da kuma a miƙo masa tsohon kayan da aka cire. Yana kuma da nauyin biyan wanda ya ba shi amsar, ko da amsar ba ta cika tafin hannu ba.

A koma Bande. Bayan azahar direban ya buga waya Magarya, wani dattijon makanike da ya yi ƙuruciyarsa cikin motocin Peugeot ya hawo babur ya zo. Ya gaida Alhaji, ya tambayi direba yaushe abin ya fara, ko da kaya ne ko ba kaya. Ya sa aka tada injin, ya karɓi filaya, ya bi wayoyi. A ta uku injin bai ko gezau ba. Bujin 504 suna zaune ne cikin ramuka masu zurfi a murfin kan injin, kowane da ɗan sandan da ke kai masa wuta daga waya. Dattijon ya zaro na wannan silinda, ya goge shi da gefen rigarsa, ya ɗaga shi ga rana: ga tsaga nan, ga baƙin layi ya bi ta har ƙasa. Wutar tana tsallakawa jikin ramin tun ba ta kai ga buji ba, tsoho ne ko sabo. Saurayin mai rumfa ya zare wannan sanda da hannunsa ya mayar da shi sau biyu a ranar, bai dube shi ba, don ba shi aka ce ya duba ba. Aka samo wani daga wata matacciyar 504 da ke bayan tasha, injin ya koma kan ƙafa huɗu.

"Nawa ne, Baba?" in ji Alhaji.

"Abin da ya sauwaƙa, Alhaji. Ka dai haɗa da man babur."

Alhaji ya riga ya biya buji huɗu, ya biya wankin karbireta, ya biya mai sau biyu, bai yi ciniki ko sau ɗaya ba. Da dattijon ne ya tsaya ja-in-ja, wai ai bai kwance komai ba. Sun shiga Damagaram bayan la'asar, ƴan sari sun riga sun cika kwandunansu daga motocin safe, tumatur ɗin ya fara ruwa, aka ba da shi a farashin da masu saye suka ga dama. Tsofaffin bujin huɗu, waɗanda ba abin da ya same su, suna cikin gwangwanin saurayin mai rumfa, ya wanke su da esansi ya aje wa mota ta gaba.